Tambulan ɗin Hawaja Amus

A gidan shayin Mu'allim Shahata, bayan kasuwar kifi ta Bur Sa'id a ƙasar Masar, kowane ɗan wasan ƙungiyar ƙwallo ta Fanar yana da tambulan ɗinsa. Suna jere a kan katako bisa murhu, kowanne da ɗigon fenti a gindi don kada a rikita. Ranar da ka shiga ƙungiya za a ba ka gurasa da gishiri ka ci a gaban kowa, a ɗora naka a layi. Ranar da ƙungiya ta gama da kai kuwa, ba mai kiran ka gefe ya faɗa maka. Shigowa za ka yi, ka ɗaga ido, ka ga naka a kife. Daga nan ko ka zauna ba mai kawo maka shayi, in ka yi sallama kuma bango ake amsa wa.

Na Hawaja Amus ya shekara goma sha bakwai a kife. Ni Mitwalli, mai tsaron bayan Fanar a wancan zamani, da hannuna a ciki. Ko in ce da bakina.

Sunansa na gida Amos Tunnicliffe, amma harshenmu ya kasa ɗaukar na biyun, na farkon ma sai da muka lanƙwasa shi. Hawaja kuwa haka muke kiran kowane Bature. An haife shi a wani garin masu gasa tangaran a tsakiyar Ingila, inda ya ce hayaƙi ya fi rana yawan fitowa. Ubansa loda tanderu yake yi, shi ma tun yana shekara goma sha biyu ya bi sahu. A can hannuwansa suka koyi riƙe abu mai zafi ba su saki ba, domin wanda ya saki faranti ya ji a kunnensa. Ƙungiyar garin ta ga hannuwan, ta ɗauke shi tsaron gida. Shekara shida yana tsaye musu a raga ana biyan sa albashi, har ranar da wani ya taka masa yatsu uku a cikin taɓo. Kafin yatsun su haɗe an kawo sabon matashi. Ba wanda ya kore shi. Sunansa ne kawai ya daina fitowa a takardar da ake mannawa a ƙofa ranar Alhamis.

A 1910 ya sauko daga jirgi a tasharmu, ya kama aikin gyaran tukunyar injin jiragen da ke tsayawa shan kwal.

Kada wani ya ce son mu ne ya kawo shi wurinmu. Na sha jin tsofaffi suna faɗin haka, kuma ba gaskiya ba ne. Wurin 'yan'uwansa ya fara zuwa. Ingilishi suna da kulob a unguwar Turawa, da fili mai ciyawar da ake yi wa ban ruwa safe da yamma. Ya je musu ranar Asabar da takalman ƙwallonsa rataye a wuya. Sakataren ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi ko ya taɓa karɓar lada don ya buga ƙwallo. Ya ce shekara shida ma kuwa. Sai aka sanar da shi cewa nan wurin masu wasa don nishaɗi ne, 'ya'yan manyan gida, wanda ya taɓa sayar da ƙafarsa ba ya shiga cikinsu. Amma in yana so, suna neman mai shafa musu farar ƙasa a layin fili.

Juma'ar da ta biyo ya ɓullo mana a bayan rumbunan kwal, inda muke wasa a kan busasshiyar ƙasar gishiri, ƙafa ba takalmi. Turakunmu karyayyun sandunan jirgin ruwa ne, da igiya ɗaure a sama. Raga kuwa ba mu da ita.

Garib, ɗan wasan gabanmu, wanda bakinsa ya fi ƙafarsa gudu, shi ya fara hango shi.

"Kai jama'a, ga Hawaja ya ɓace hanya! Hawaja, gidan giya yana can baya, ka wuce shi!"

Bai ji komai ba a lokacin, Larabcinsa bai wuce na neman ruwa ba. Ya ajiye kwat ɗinsa, ya ja hularsa mai baki ya rufe ido daga rana, ya je tsakanin turakun ya tsaya. Sannan ya yafito Garib da yatsun nan nasa karkatattu.

Sau goma Garib ya buga. Na goma har da gudu daga nesa da kiran sunan waliyyi. Ya dawo yana haki, ya dafa gwiwa.

"Na rantse da kabarin kakata, wannan ba mutum ba ne. Ƙofar kurkuku ce aka sa wa hula."

Da yammar nan Mu'allim Shahata, wanda shi ne shugaban ƙungiya tunda shi ke da kujeru, ya gutsuro gurasa ya dangwala a gishiri ya miƙa masa. Ya ɗauraye sabon tambulan sau biyu, kamar yadda yake yi wa kowa, ya ɗiga masa jan fenti a gindi.

Shekara goma sha ɗaya ya tsaya mana. Kafin zuwansa garke muke yi a kan ƙwallo, duk inda ta nufa mu goma mu bi ta. Shi ya raba mu, ya ba kowa wurinsa. Ni ya mayar da ni baya, daidai gabansa, ya riƙa yi mini ihu a ƙeya daga farkon wasa har ƙarshe.

"Mitwalli! Ƙugunsa za ka kalla, ba ƙafarsa ba! Ƙafa maƙaryaciya ce!"

"Na ji, Hawaja."

"Ba ka ji ba. Jakin mai ruwa ya fi ka juyawa. Koma!"

Jama'a su kwashe da dariya, ni ma in yi. Ku riƙe wannan dariyar tawa, zan dawo kanta.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne layi. Aikin nan da 'yan'uwansa suka yi masa tayi don su ƙasƙantar da shi, shi ya ɗauka yana yi mana ba wanda ya sa shi. Kowace Juma'a da hantsi, kafin mutane su tafi masallaci, zai zo da bokitin farar ƙasa da zare da ƙusa biyu. Ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya, ya ja layin tsakanin turaku ya miƙe sambal. Garib yakan kira shi Usta, wato gwanin sana'a, ya ce masa, "Usta, ƙwallo za mu buga ko riga za ka yanka?" Shi kuma ya ce wasan da ba layi faɗa ne kawai.

Ya auri Katina, wata tela 'yar Girka mai dariya da ƙarfi. Suka kama ɗaki a kan titin da ya raba unguwarmu da ta Turawa, tagarsu ɗaya tana kallon can, ɗaya tana kallon nan. Allah bai ba su haihuwa ba. Ya koyi cin wake da man zaitun da safe, ya koyi zagi da Larabci har ya fi wasunmu. Lokacin babban yaƙi bai tafi ba, aikin jirage ya riƙe shi.

Sai 1919 ta zo, gari ya tashi da bore, sojojin Ingila suka buɗe wuta a tituna. Cikin waɗanda muka binne har da Hamama, ƙanen Garib, wanda ya fita sayen kalanzir. A makon nan wasu suka fara kallon katakon tambulan suna gyaran murya. Mu'allim Shahata ya buga tire a kan tebur.

"Ya ci gurasarmu da gishirinmu. Namu ne. Wanda bai yarda ba ga ƙofa."

Hawaja Kirista ne, amma ya sa kafaɗa a makarar Hamama tun daga masallaci har maƙabarta, bai bari an karɓe shi ba. Garib da kansa ya rungume shi a bakin kabari.

Bayan shekara biyu aka shirya mana wasa da ƙungiyar sojojin. Ban san wanda ya kawo shawarar ba, an dai ce don a sanyaya zukata. Ba zuciyar da ta sanyaya. Unguwa kaf ta fito bayan sallar Juma'a: masu dakon kwal, masu kwale-kwale, mata a kan soraye, har makaho Shehu Ulaiwa aka jawo don ya ji da kunnensa. An kafa wa hafsoshi rumfa a gefe ɗaya, da kujeru da matansu da lema. Alƙalin wasa wani mai sayar da magani ne ɗan Italiya, wanda aka zaɓa saboda ba ya son kowa a cikinmu.

Sojojin ne suka fara ci. Garib ya rama da ka, ya ruga gaban rumfar ya tsaya yana kallon su. Ɗaya da ɗaya, har saura minti biyar. Kunnen doki da sojan Ingila, a filinmu, da ƙafa ba takalmi! Mata sun fara guɗa tun ba a tashi ba.

Sai suka sami bugun kwana. Ƙwallon ta faɗo cikin turmutsitsi, ƙura ta tashi. Wani dogon soja ya yi kamar zai bi dama, na kalli ƙafarsa, na bi ta. Ya bi hagu. Na juyo a makare, ƙwallon ta bugi dunduniyata, ta canja hanya, ta gangara ta ƙarƙashin hannun Hawaja. Ta haye layin nan nasa fari da kamar faɗin tafin hannu. Ya miƙa ya fizgo ta, ya rungume a ƙirji.

Alƙali yana bayan mutum goma, bai ga komai ba. Ya kaɗa hannu a ci gaba. Sojojin ma ba su da tabbas, biyu suka ɗaga hannu suka sauke. A ganina mu biyu ne kaɗai a duniya muka san abin da ya faru.

Hawaja yana kwance ya dube ni. Sannan ya tashi, ya dubi rumfar hafsoshi. Kallon bai fi ƙiftawar ido biyu ba, amma na gan shi. Ya taka har gaban alƙali, ya ajiye ƙwallon a ƙasa, ya yi magana da Turanci. Ya juyo wajen jama'a ya maimaita da Larabci, da ƙarfi:

"Ta shiga. Daga hannuna ta suɓuce."

Dunduniyata bai ambace ta ba, ranar nan ko bayanta.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba a Bur Sa'id. Cikin shirun sai tafi ya taso daga rumfa, siriri, na hannuwa masu safar hannu. Da sun yi mana dariya da ya fi sauƙi.

Da la'asar sakaliya gidan shayi ya cika har titi. Hawaja bai iso ba tukuna, ya tsaya tattara zarensa da bokitinsa. Mu'allim Shahata ya sa aka yi shiru, ya juyo gare ni.

"Mitwalli, ɗana, kai ne kusa. Ta shiga?"

Na dubi fuskokin. Na ga Garib, idonsa ja wur.

"Ƙura ta yi yawa, Mu'allim. Ban gani ba."

Shi ke nan abin da na faɗa. Ban ce ya yi ƙarya ba, ban ce ya sayar da mu ba. Wasu suka faɗa a madadina, ni kuma na sha shayina. Mu'allim ya miƙa hannu kan katako, ya ɗauki mai jan ɗigo, ya kife.

Shekaru da yawa na riƙa gaya wa kaina tsoro ne. Kuma akwai tsoron: wanda ya ci wa Ingilishi ƙwallo da ƙafarsa a wannan shekara, ko kifi ba za a sake saya a hannun ubansa ba. Amma ba shi kaɗai ba ne. Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana kira na jaki a gaban unguwa, kuma kullum shi ke da gaskiya. Ranar nan ma da na kalli ƙugu da ba a yi haka ba. Da ya rufa mini asiri sai ya ƙara hawa kaina, ya zama ba zan iya ko ɗaga ido in dube shi ba. Lokacin da tambulan ɗin ya kifu, wani abu a cikina ya miƙe ƙafa ya huta. Wannan ne ban taɓa faɗa wa ko matata ba.

Hawaja ya shigo da bokitinsa, ya yi sallama. Ba amsa. Ya ɗaga ido, ya daɗe yana kallon katakon.

Garib ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "Wa ya bar ƙofa a buɗe? Iskar teku na shigowa."

Hawaja ya gyara hularsa ya fita.

Ingilishin kuwa, wani kanar ya taɓa bakin hularsa da ya wuce shi a fili. Iyakar ladan ke nan. Ba a aiko masa da gayyata ba, ba a buɗe masa ƙofar kulob ba. Wanda ya sayar da ƙafarsa ya sayar, ko da ya faɗi gaskiya a gaban gari guda.

Mun ɗauka zai koma ƙasarsu. Bai koma ba. Juma'ar da ta biyo muka iso fili muka tarar da layi sabo fil, miƙaƙƙe, shi kuma ba ya nan. Haka ta gaba, haka ta gaba da ita. Ba wanda ya gode masa, ba wanda ya hana shi. Aka naɗa ni kyaftin, muka yi ta wasa a kan layinsa muna yi kamar daga sama yake saukowa.

Mukan haɗu a tashar jirage, tunda ni ma can nake aiki. Ba kullum yake tsayar da ni ba, sau ɗaya ko biyu a shekara.

"Ƙanena, ka faɗa musu?"

"Lokaci bai yi ba, Hawaja. Zukata ba su huce ba."

"Ba cewa na yi ka ambaci dunduniyarka ba. Wannan tsakanina da kai ne. Ka ce dai ka gani. Ba na son in mutu suna cewa na ƙirƙiro wa sojoji ƙwallo."

"In sha Allah."

"Wannan in sha Allah taka na san ta. Ita ce ta tela."

A 1930 Katina ta rasu. Na je jana'izar na tsaya nesa, bayan wata bishiya, kamar mai jiran wani. Da kowa ya watse ya taho inda nake, ya zauna a kan dakalin maƙabarta, na zauna kusa da shi. Ya rame, tari ya fara kama shi, irin na masu shiga cikin tukunyar inji.

Na ce, "Me ya rage maka a nan? Ka koma gida mana."

"Wane gida? A nan na ci gurasa."

Wani haushi ya taso mini, irin wanda mutum ke ji game da wanda ya cuta. Na ce, "To in namu ne kai, me ya sa ka kalli rumfarsu kafin ka je wurin alƙali? Na gan ka."

Ya daɗe yana murza hularsa.

"Na kalle su," in ji shi. "Na so su ga ɗan mai loda tanderu ya yi abin da suke cewa su kaɗai suka iya. Na so sakataren nan ya ji kunya, yana zaune a layi na biyu. Kullum in na kwanta sai na auna, nawa ne don layi, nawa ne don su. Ban taɓa samun amsa ɗaya sau biyu ba." Ya yi tari, ya goge baki. "Amma ta shiga, Mitwalli. Ko don me na faɗa, ta shiga."

Na raka shi har ƙofar gidansa. Ban faɗa musu ba.

Wata Juma'a a 1938 na biya ta fili, lokacin na daina wasa da daɗewa, na tarar matasa suna tsaye cirko-cirko. Ba layi. Wani ya ɗauki sanda yana jan ƙasa, abin ya karkace kamar hanyar maciji. Na tambaya a tasha, aka ce an kwantar da Hawaja a asibitin bakin teku, huhunsa ya ƙare, likita ya ce kwanaki ne.

Bayan sallar la'asar na shiga gidan shayi. Mu'allim Shahata ya tsufa, yana zaune kusa da murhu da bargo a gwiwa, amma har yanzu ba mai taɓa katakon sai shi. Garib, da furfura da tumbi, yana buga domino. Na tsaya a tsakiya.

"Jama'a, ku saurare ni. Wasan sojoji. Ƙwallon nan ta shiga. Na gani da idona. Kuma ba daga hannunsa ta suɓuce ba, dunduniyata ta buga."

Na jira rufin ya faɗo mini. Garib ya buga ƙwayar dominonsa a tebur.

"Shida da uku. Kai, wasanka ne," ya ce wa abokin wasansa. Sannan ya ɗan waiwayo. "Mun sani, Mitwalli. Zauna, kana tare mana haske."

"Kun sani?"

"Rabin unguwa na tsaye bayan turakun nan, ba raga ba komai, ga layi fari tas kamar haƙorin amarya. Makafi ka ɗauke mu? Shehu Ulaiwa ma da kunne ya gane."

Na juya wajen Mu'allim. "To me ya sa ka tambaye ni?"

"Don in ji ko kai namu ne," in ji shi. "Kuma ka amsa daidai."

"Mutumin nan shekara goma sha bakwai yana jiran a yarda bai yi ƙarya ba!"

"Wa ya ce ya yi ƙarya?" Garib ya ture dominon, muryarsa ta canja. "Na sa ƙanena a rami, Mitwalli. Da galan ɗin kalanzir a hannunsa aka ɗauko shi. Yini ɗaya muka roƙa. Ba nasara ba, kunnen doki. Yini ɗaya tak da uwata za ta ji guɗa ta san ba su fi mu ba. Allah ya rufe idon alƙali ya ba mu, shi kuma ya ɗauka da hannu biyu ya kai musu har rumfa. Gaskiyarsa ce, na yarda. Amma yinin namu ne, ba nasa ba ne da zai yi kyauta da shi."

Tukunyar shayi tana ta huci.

Na ce, "Mu'allim, mutuwa zai yi. Ka ɗaga masa tambulan ɗinsa."

Tsohon ya dubi katakon, ya daɗe. Na ga leɓensa yana motsi.

"In na ɗaga nasa, ɗana, sai in kife na kowa."

Na taka kan benci, na miƙa hannu na ɗauko shi da kaina. Ya bar zobe mai tsabta a kan katakon. Ba wanda ya hana ni, ba kuma wanda ya dube ni.

Na same shi a gado kusa da taga, rana tana gangarawa kan teku, hular nan tana rataye a ƙarfen gadon. Hannuwan ne kawai suka rage yadda na san su. Na ciro tambulan ɗin daga aljihu na sa masa a tafi.

Ya juya shi, ya ga jan ɗigon. Ya shafa gindin da babban yatsa, yatsan ya yi baƙi da toka da maiƙon murhu.

"Shahata ya aiko?"

"Shi ya aiko. Ya ce ka warke ka zo, kujerarka na nan. Garib ma yana gaishe ka."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari.

"Shekara ashirin da takwas na san Shahata. Bai taɓa miƙa wa mutum tambulan bai ɗauraye shi sau biyu ba." Ya nuna mini yatsan. "Kai ba ka iya ƙarya ba, ƙanena. Shiru ka iya. Me suka ce?"

Na faɗa masa. Duka, har maganar Garib, ban rage ko kalma ba. Wannan ce gaskiya ta farko da na taɓa ba shi, kuma da wuƙa na soka masa da ta fi sauƙi. Ya rufe ido, na ɗauka barci ya ɗauke shi.

"Ashe sun gani," ya ce a hankali. "Duk shekarun nan ina bin ka." Ya juya tambulan ɗin a tafinsa. "Garib bai yi kuskure ba. Ban tuna da uwarsa ba. Ko sau ɗaya ban tuna da ita ba a filin nan." Hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne. Can ya buɗe ido. "Layin ya fito sosai ke nan, tunda har daga baya an gani."

"Ya fito, Hawaja."

"To wanke wannan ka samo mini shayi. Sukari uku."

Na ɗauraye shi sau biyu a famfon baranda, na roƙi ma'aikaciyar jinya ta zuba mini. Na tallafo kansa. Leɓensa kawai ya iya jiƙawa, amma bai saki tambulan ɗin ba har shayin ya huce.

Ranar Talata ya cika. Muka binne shi kusa da Katina, ni da limamin cocin Girkawa da abokan aikinsa biyu. Daga kulob ɗin Ingilishi ba wanda ya zo. Da muke fitowa na hangi Garib tsaye a tsallaken titi, hannuwa a baya. Bai shigo ba, bai kuma tafi ba sai da aka rufe ƙofa.

Daga maƙabarta na wuce gidan shayi, don ban san wani wurin zuwa ba. Na yi sallama. Mu'allim Shahata ya dubi bango ya amsa. Na ɗaga ido. Zoben nan mai tsabta yana nan inda na Hawaja ya tashi, kusa da shi kuma nawa, mai shuɗin ɗigo, an wanke shi tas an kife.